Likita Mazaunin Asibiti: Tarihin Horar da Masana Ciwon Ƙwaƙwalwa da Jijiya



Akwai wasu likitoci a asibitocinmu na koyarwa waɗanda yawancinmu ba mu jin labarinsu sai ranar da suka shiga yajin aiki. Jaridu na kiransu likitoci masu neman ƙwarewa. Sunan da Turawa suka ba su kuwa ma'anarsa mazauna, domin a farkon al'amari a cikin asibitin suke kwana suke tashi, kamar yadda ɗalibin ilmi kan tare a gidan malaminsa shekara da shekaru. Su ne waɗanda suka gama makarantar likita, suka sami izinin aiki, sa'an nan suka sake komawa ƙarƙashin wani babban likita don su ƙware a fanni guda. Abin da nake so mu duba yau shi ne asalin wannan tsari, kuma zan bi shi ta fanni ɗaya, watau fannin ciwon ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi.

Tilas in share wani ruɗu tun da wuri. Likitan da nake nufi ba shi ne likitan taɓin hankali ba, ko da yake sun daɗe suna zaune a inuwa ɗaya, kuma ba shi ne mai fiɗar ƙwaƙwalwa ba. Shi ne wanda ake kai wa mai farfaɗiya, da mai shanyewar ɓarin jiki, da tsohon da hannunsa ke karkarwa, da wanda ƙafafunsa suka mutu, da mai ciwon kan da ya ƙi ji ya ƙi gani.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan fanni shi ne babu inda zaman asibiti ya zama wajibi kamarsa. Likitan zuciya yana iya kara kunne ya ji bugunta. Likitan ciki yana iya latsa hanta ya ji ta kumbura. Amma ƙwaƙwalwa Allah ya rufe ta cikin ƙoƙon kai, laka kuma cikin ƙashin baya, ba a ji, ba a gani, ba a taɓawa. Saboda haka likita ba shi da hanya sai ya karanta alamu daga waje. In aka kawo mutum hannunsa da ƙafarsa na dama sun saki, maganarsa kuma ta ɗauke, likita zai ce ɓarnar tana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, gama jijiyoyin motsi suna gicciyewa kafin su sauka jiki, kuma a yawancin mutane cibiyar magana a hagu take, kamar yadda wani Bafaranshe, Paul Broca, ya fara nunawa cikin 1861. Tambayar farko a wannan fanni kullum ita ce: ina ciwon yake? Sai an amsa ta ake tambayar wane iri ne. To, wannan karatu ba ya zaunawa a kai daga littafi kaɗai. Sai idon mutum ya ga ɗaruruwan majinyata, hannunsa ya gwada su, a gaban wanda zai ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure.

Mu fara da birnin Faris. Bayan juyin juya halin Faransa aka sake tsarin asibitocin birnin, cikin 1802 kuma aka kafa wata jarrabawar gasa mai tsanani. Ɗalibin da ya ci ta sai a ba shi ɗaki da abinci da ɗan albashi a cikin asibiti, ya shekara huɗu yana duba majinyata dare da rana a ƙarƙashin manyan likitoci. Wannan shi ne kakan tsarin da muke magana a kansa. Cikin waɗanda suka ci wannan gasa a 1848 akwai ɗan wani maƙerin keken doki, sunansa Jean-Martin Charcot, ana furta shi Sharko.

Cikin 1862 aka ba Charcot riƙon wani sashe na Salpêtrière. Kada ku ɗauka wata babbar daraja ce a lokacin. Wurin asalinsa ma'aikatar albarushi ce, daga nan sunansa ya fito, har Sarki Luwis na 14 ya ba da umurni cikin 1656 a mai da shi gidan tara matalauta. Sa'ad da Charcot ya isa, akwai mata wajen 5,000 a ciki: tsofaffi, da guragu, da makafi, da masu farfaɗiya, da masu taɓin hankali, da waɗanda dai ba su da kowa. An fid da tsammanin warkewar yawancinsu, likitoci masu neman suna kuma ba su ɗokin zuwa. Shi kuwa ya hangi abin da saura ba su hanga ba. Waɗannan mata ba za su tafi ko'ina ba, a nan za su ƙare kwanakinsu. Ashe ke nan ana iya bin ciwon mace guda shekara goma ko ashirin ana rubutawa, ranar da ta cika kuma a duba ƙwaƙwalwarta da lakarta da madubin ƙara girma, a gwama abin da aka gani tana da rai da abin da aka tarar bayan ta rasu.

Shi da abokinsa Alfred Vulpian suka bi ɗakuna ɗaya bayan ɗaya suna rarrabe cututtukan da a da aka cure su wuri guda. Ga misali. A wancan zamani duk mai karkarwa kusan suna ɗaya ake ba ciwonsa. Charcot ya lura akwai wadda hannunta ke rawa sa'ad da take zaune shiru, in ta miƙa shi ɗaukar abu sai rawar ta lafa. Akwai kuma wadda hannunta ke kwance lafiya, sai ta kai moɗa baki ya kama kaɗawa har ruwan ya zube. Binciken gawa ya nuna cuta biyu ce dabam. Ta biyun ita ce mai barin tabo barkatai a ƙwaƙwalwa da laka, wadda ya bayyana filla-filla cikin 1868. Ta farkon kuwa ya laƙaba mata sunan James Parkinson, likitan Landan da ya fara bayyana ta cikin 1817 daga mutum shida kacal, wasunsu ma a kan titi ya gan su. Cikin 1882 aka kafa kujerar farfesa ta cututtukan jijiya musamman dominsa, ita ce ta farko irinta.

Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne yadda yake koyarwa. Ran Talata akan shigo da majinyatan da bai taɓa gani ba, a gaban ɗalibai. Yakan daɗe yana kallo bai ce kome ba: yadda mutum ya shigo, yadda ya zauna, yadda yake riƙe da hularsa. Kana ya yi tambayoyi, ya faɗi tunaninsa a fili mataki mataki, don yaran su ga yadda ake isa ga hukunci, har da inda ake tuntuɓe. Daga wannan makaranta aka sami Pierre Marie, da Gilles de la Tourette, da Joseph Babinski. Sigmund Freud ma ya zo daga Biyana ya yi 'yan watanni tsakanin 1885 da 1886. Cikin 1896 Babinski ya buga wani ɗan bayani da bai kai layi 30 ba, cewa in aka karci tafin ƙafar baligi mai lafiya yatsunsa ƙasa suke lanƙwasawa, amma in hanyar jijiyar motsi ta sami ɓarna a ƙwaƙwalwa ko laka, babban yatsa sama yake tashi. Yau ɗin nan, a kowane asibiti na duniya, da bakin makulli ake yin wannan gwaji, ba a biyan ko kwabo.

Amma kada mu yi wa Faris kwalliyar da ba tata ba. Matan da aka gina wannan ilmi a kan jikinsu ba wanda ya nemi yardarsu. Talauci ne ya kawo su, ba su kuwa da bakin ƙi. Kuma girman malamin kansa ya zama illa. A ƙarshen rayuwarsa Charcot ya duƙufa kan wata lalura ta mata masu faɗuwa da sanƙarewa ba tare da an ga wata ɓarna a ƙwaƙwalwa ba, ya tsara mata matakai, yana nuna su a gaban taron 'yan kallo. Yaransa ba su iya musa masa ba. Sai bayan rasuwarsa cikin 1893 Babinski ya fito ya nuna cewa da yawa daga alamun nan majinyatan koyonsu suka yi daga abin da suka ga likitoci na so su gani. Shi Babinski ɗin ma bai taɓa zama farfesa ba, domin a jarrabawar 1892 shugaban masu jarrabawa yana takun saƙa da Charcot, aka kayar da yaron don a ɓata wa ubangidan. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irin wannan. Tsarin da ya ɗora makomar yaro a hannun mutum guda yana haifar da gwanaye, yana kuma haifar da 'yan amshin shata.

A Landan abin ya zo ta wata ƙofa. Wata mace mai suna Johanna Chandler da 'yan'uwanta sun yi jinyar kakarsu da jikinta ya shanye, suka ga babu asibitin da ke karɓar irinta. Suka shiga neman taimako, har magajin garin Landan ya sa hannu, cikin 1860 aka buɗe asibiti na musamman don masu shanyewar jiki da masu farfaɗiya a dandalin da ake kira Queen Square. Ku lura, nan ma da marasa galihu aka fara.

Cikin 1862 John Hughlings Jackson ya kama aiki a wurin. Mutum ne mai shiru, ba gwanin lacca ba, amma ya iya kallo. Ya lura da wata irin farfaɗiya wadda ba ta kada mutum nan take: takan soma da fizgar babban yatsan hannu, ta hau zuwa damtse, ta kai fuska, kullum bisa jeri ɗaya. Sai ya ce ashe sassan jiki suna da mazauni a jere a fatar ƙwaƙwalwa, ciwon kuma yana bin su ne kamar wutar daji tana cin gona bayan gona. Bai fasa kan kowa ba ya faɗi haka. Gwajin da aka yi kan dabbobi a Jamus cikin 1870, da wanda David Ferrier ya yi a Ingila bayan shekara uku, suka gaskata shi. Abokin aikinsa William Gowers ya shigo asibitin cikin 1870 a matsayin mai rubuta bayanan majinyata, ya tara su da hannunsa shekara da shekaru, daga cikinsu ya fitar da babban littafinsa na cututtukan jijiya tsakanin 1886 da 1888.

Ranar da wannan ilmin kallo ya biya bashinsa ta zo cikin 1887. Aka kawo wani hafsan soja ƙafafunsa sun mutu, yana fama da azabar ciwon baya. Gowers ya gwada shi, ya ce ƙari ne ke danne laka, ya kuma nuna wajen da yake. A tuna, hoton ƙashi ma ba a gano shi ba sai 1895. Victor Horsley ya buɗe bayan, da farko bai ga kome ba, ya ƙara hawa sama kaɗan, sai ga ƙarin. Ya cire shi, mutumin ya tashi ya yi tafiya da ƙafafunsa. Tun daga nan Queen Square ta zama zangon da likitocin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ke ɗokin yada zango, har da namu, kamar yadda za mu gani.

Faris da Landan sun ba da hanyar karanta majinyaci. Amma tsarin horo mai matakai, wanda muke bi yanzu, a Amurka aka yanka masa cibiya. Wani attajiri na birnin Baltimo, Johns Hopkins, ya rasu cikin 1873 ya bar dala miliyan 7 a gina jami'a da asibiti. Da aka buɗe asibitin cikin 1889, William Osler ya riƙe sashen magani, William Halsted ya riƙe sashen fiɗa. Dukansu sun ga yadda mataimakan farfesa ke daɗewa suna koyo a Jamus, suka ɗauko wannan suka gyara. Sabon abin da suka kawo shi ne danƙa amana da kaɗan da kaɗan. Ɗan shekarar farko yana rubuta tarihin ciwo, yana ɗibar jini, yana kwana kusa da majinyata. Na gaba da shi yana duba aikinsa, yana koya masa. Na ƙoli kuwa yana riƙe da sashen kusan kamar nasa, babban likita na bayansa. Ashe kowane mazauni ɗalibi ne ga na samansa, malami ga na ƙasansa. A cikin ginin asibiti suke kwana, albashin bai taka kara ya karya ba, aure kuwa ba a so su yi. Tsarin Halsted kamar dala yake, faɗi a ƙasa, tsini a sama: akan ɗauki da yawa, a yi ta zubarwa, mai kai wa ƙarshe yakan shekara takwas ko fiye. Cikin shekara 33 mutum 17 kaɗai suka kai ƙolin. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Harvey Cushing, wanda ya zama uban fiɗar ƙwaƙwalwa na zamani.

Akwai wani abu da ba a bayyana ba sai bayan shekaru masu yawa. Halsted ya kamu da jarabar hodar iblis tun yana saurayi, sa'ad da yake gwada ta a jikinsa a matsayin maganin kashe zafi, daga baya ya koma kan mofin har ƙarshen rayuwarsa. Wasu masana tarihi suna ganin wannan na cikin abin da ya sa yake sakar wa manyan yaransa ragama haka. Allah shi ne masani. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, al'adar da ake gadonta da sunan hikimar magabata wani lokaci lalurar mutum guda ce ta haife ta.

Daga Baltimo tsarin ya bazu. Cikin 1909 aka buɗe cibiyar cututtukan jijiya ta birnin New York, cikin 1934 kuma aka kafa hukumar da ke jarraba likitocin taɓin hankali da na jijiya ta ba su shaidar ƙwarewa. Daga nan horo ya tashi daga abin da ke tsakanin yaro da ubangidansa, ya zama abu mai manhaja, da adadin shekaru, da jarrabawar da wasu dabam ke shiryawa. A Amurka yanzu shekara huɗu ce bayan makarantar likita: ɗaya a sashen magani na gaba ɗaya, uku a fannin jijiya.

Abin da ba a taɓa ba shi ne yawan sa'o'in aiki. Har cikin shekarun 1980 ba abin mamaki ba ne mazauni ya yi sa'a 36 a jere bai runtsa ba, manya kuma suna cewa haka aka yi musu. Cikin watan Maris na 1984 aka kai wata yarinya 'yar shekara 18, Libby Zion, wani asibitin koyarwa a New York da zazzaɓi da fizge-fizge. Ƙananan likitoci biyu ne suka duba ta cikin dare, babban likita ta waya kawai aka yi magana da shi. Aka yi mata allurar da ake ganin ta yi karo da wani maganin da take sha, kafin hantsi ta cika. Ubanta lauya ne kuma ɗan jarida, bai bar maganar ta kwanta ba. Cikin 1989 Jihar New York ta kafa doka kada mazauni ya wuce sa'a 80 a mako, cikin 2003 aka game ƙasar duka da wannan ƙa'ida. A Ingila kuwa an sauko zuwa sa'a 48 cikin 2009. Ku auna da kanku: sa'a 80, ninki biyu na makon ma'aikacin gwamnati, ita ce aka kira sassauci.

Gardamar ba ta mutu ba. Likitan da bai yi barci ba yana kuskure, wannan ba musu. Amma in an gajarta zama, majinyaci yakan bi ta hannu da yawa, a kowace miƙa aiki kuma wani bayani na iya zubewa. Ga mai koyon jijiya akwai ƙarin hasara, domin ciwo irin shanyewar ɓarin jiki yana sauya kama daga sa'a zuwa sa'a, wanda ya tafi gida ya dawo ya tarar da ƙarshen labari ne kawai. Ra'ayina shi ne darasin mutuwar yarinyar nan bai tsaya ga barci ba. Babban laifin shi ne an bar ƙarami shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa.

Kafin mu dawo gida, sai mu tambaya: na'urori ba su kashe wannan dogon horo ba? An daɗe ana yi wa likitan jijiya ba'a cewa gwanin faɗin sunan cuta ne, ba gwanin warkarwa ba. Abin ya sauya sannu a hankali. Aka sami ɗibar ruwan laka cikin 1891, da maganin farfaɗiya finobabiton cikin 1912, da na'urar auna wutar ƙwaƙwalwa wadda Hans Berger ya bayyana cikin 1929, da finitoyin cikin 1938, da lebodofa mai sassauta ciwon Parkinson a ƙarshen shekarun 1960. Ran 1 ga Oktoba 1971, a wani asibiti a Landan, aka ɗauki hoton cikin kan majinyaci na farko da na'urar Godfrey Hounsfield, wadda muke kira sikanin kai. Ƙoƙon da ya gagari Charcot ya buɗe ba tare da wuƙa ba. Cikin 1996 kuma Amurka ta amince da allurar narkar da gudan jinin da ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Wannan allura galibi cikin sa'a huɗu da rabi daga farawar ciwo ake yin ta, kuma in jini ne ya tsinke ba toshewa ba, tana iya kisa. Wa ke tsaye a ɗakin gaggawa ƙarfe biyu na dare da zai rarrabe? Mazauni ne. Na'ura ta ƙara masa nauyi ne, ba ta sauke ba. Kuma hoto ba ya nuna farfaɗiya a yawancin masu ita. Daga bakin wanda ya ga faɗuwar ake gane ta, sai kuwa wanda ya iya tambaya.

To, mu zo Nijeriya. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan cikin 1948, asibitinta na koyarwa kuma cikin 1957. A wancan lokaci duk mai son ƙwarewa sai ya ƙetare teku. Latunde Odeku ya koyi fiɗar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya dawo Ibadan cikin 1962 ya kafa sashen, ya rasu cikin 1974 bai kai shekara 50 ba. Benjamin Osuntokun, wanda aka haifa cikin 1935, ya gama karatun likita a Ibadan cikin 1961, ya tafi Newcastle da Queen Square ya koyi fannin jijiya, ya dawo. Abin sha'awa shi ne abin da ya yi da ilmin. A wasu garuruwan ƙasar Yarabawa, musamman wajen Epe, akwai talakawa masu tafiya suna tangaɗi, ƙafafunsu sun daina jin ƙasa, ganinsu da jinsu suna raguwa. Littafin Gowers bai san wannan ciwo ba. Osuntokun ya bi su ƙauye ƙauye, ya gwada ɗaruruwa, ya auna jininsu, ya danganta ciwon da dogaro ga rogon da ba a jiƙa aka tsane gubarsa sosai ba, tare da ƙarancin abinci mai gina jiki. Hanyar ta Landan ce, amma cutar da maganarta na gida ne. Ya rasu cikin 1995, bayan ya horar da da yawa daga waɗanda suka riƙe fannin a bayansa.

Irin wannan ne ya nuna cewa horon waje kaɗai ba zai wadatar ba. Mai koyo a Landan zai ƙware a cututtukan Landan, ya dawo ya tarar da sanƙarau, da tarin fuka na ƙashin baya, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da kuturta, wadda ita ma a haƙiƙa ciwon jijiya ce. Ga tsada, ga kuma waɗanda in sun tafi ba su dawowa. Saboda haka aka kafa Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma cikin 1976, da Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa cikin 1979, wadda hedkwatarta ke Ijanikin a Legas. Hanyar a yau ita ce: shekara shida a makarantar likita, shekara guda ta gwajin aiki, shekarar bautar ƙasa, jarrabawar shiga, sa'an nan zangon farko a sashen magani na gaba ɗaya, da zango na biyu a fannin jijiya tare da rubuta kundin bincike. Wanda bai faɗi jarrabawa ko sau ɗaya ba, bai kuma yi jiran gurbi ba, yakan kusa shekara 14 daga shigarsa jami'a. Maƙwabtanmu na Nijar tsarin Faransa suka gada, da yawa daga masanansu kuma a Dakar ko Abijan ko Maroko suka ƙware.

A nan Arewa, an buɗe makarantar likita ta Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1967. A shekarun 1970 Brian Greenwood da Hilton Whittle da abokan aikinsu sun yi muhimmin bincike kan sanƙarau a Zariya, ba kuwa masana jijiya ba ne su, likitocin magani ne da na cututtuka masu yaɗuwa. Wannan ya nuna yadda abin yake: yawancin ciwon ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba ya isa gaban masanin fannin. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta bar wasu da kurumta da farfaɗiya da shanyewar gaɓɓai, waɗanda ke bukatar kulawa har iyakar ransu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 ta nuna cewa a ƙasashe matalauta, in aka haɗa likitocin jijiya na manya da na yara da masu fiɗar ƙwaƙwalwa, mutum ɗaya ne ga miliyan guda; a ƙasashe masu arziki kuwa wajen 70 ne. Hukumar ta kuma ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa in an gane ciwon an ba su maganin da ya dace, alhali a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba su samunsa. Kowa a zauren nan ya san yarinyar da aka cire daga makaranta, ko aka ware mata kwano don tsoron yawunta, ko ta faɗa wuta tana girki, a kan ciwon da ba ya yaɗuwa, wanda ƙwaya mai araha ke iya tsayarwa.

Saboda haka masanin jijiya a wurinmu aikinsa biyu ne. Yana duba masu wuyar lamari, yana kuma koya wa likitan babban asibitin ƙaramar hukuma da ma'aikacin ɗakin shan magani yadda za su gane na yau da kullum. Kuma inda sikanin kai yake da nisan kilomita ɗaruruwa, ko kuɗinsa ya fi albashin wata, ko wuta ta ɗauke, ɗan gudumar gwajin gwiwa da bakin makullin Babinski su ne abin dogaro. Horon ido da hannu da wasu ke ganin ya tsufa a Turai, mu nan shi ne jarinmu.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati, musamman masu tsara kasafi, akwai abin da nake so ku riƙe game da yadda tsarin ke aiki. An sa hannu kan dokar horar da likitoci masu neman ƙwarewa cikin 2018, wadda ta ɗora wa gwamnati ɗaukar nauyin horon, amma biyan kuɗin a kan kari ya ci gaba da zama cikin abubuwan da ke jawo yajin aiki. Na biyu, kwalejojin nan ba su yarda asibiti ya horar da kowa a wani fanni sai sun zo sun ga yana da isassun ƙwararrun malamai, da gadaje, da kayan aiki, kuma sukan dawo bayan 'yan shekaru su sake dubawa. Ana iya sayen na'ura cikin kasafin shekara guda, ana iya gina ɗakin majinyata cikin biyu. Amma a sashen da masana jijiya biyu ne kacal, in ɗaya ya sami aiki a Saudiyya ko Ingila ya tafi, ba likita ɗaya aka rasa ba. Izinin horarwa na iya tafiya tare da shi, yaran da ke tsakiyar zangonsu su watse neman gurbi a Ibadan ko Legas ko Inugu, kuma kafin a sami wanda zai maye gurbinsa daga ɗaliban da ke aji ɗaya a yau, sai an jira shekaru 14 ɗin nan da na lissafa.